Tayar da tsohon keken tsere na ƙarfe da zaɓar masa jakar sirdi

Tambaya: Na samu tsohon keken tsere na ƙarfe mai giya goma wanda ya daɗe a jingine. Akwai tsatsa a jikinsa, tayoyin sun bushe, birki ba ya kamawa. Ina so in tayar da shi in riƙa zuwa aiki da shi kullum, ɗauke da kayan sawa da kwaɗon kulle keke, wani lokaci da ƙaramar kwamfuta. Daga ina zan fara? Kuma wace jaka zan ɗaura masa, tunda ba shi da kariyar ɗora kaya a baya?

Amsa: Malam, in dai firam ɗin lafiya yake, keken nan ya cancanci wahalar da za ka yi masa. Kekunan tsere na shekarun 1970 da 1980 an haɗa bututunansu na ƙarfe da narkakkiyar tagulla, kuma kusan duk abin da ke jikinsu ana iya kwance shi a wanke a mayar. Sai dai kada ka sayi komai, ko da taya ce, kafin ka duba firam kuma ka auna sassan keken. Yawancin asarar da ake yi a wannan aiki tana zuwa ne daga kayan da aka saya da ido, aka zo sakawa suka ƙi shiga, domin a wancan zamani Ingila da Faransa da Italiya kowacce da nata ma'auni.

Fara da wanke keken da ruwa da sabulu don ka ga abin da datti ya ɓoye. Sai ka shafa yatsa a ƙarƙashin bututu biyun da suka taso daga wuyan keken, na sama da na ƙasa, daidai bayan mahaɗarsu. In ka ji tudu ko tamoji, ko ka ga fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa cin karo da wani abu ta gaba. Tsaya a gefe ka dubi fok, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba: kafaɗarsa ta sama ya kamata ta miƙe daidai da layin wuyan keken, in ta koma baya to ya lanƙwashe. Firam mai irin wannan rauni ba na hawan kullum ba ne. Don ka san ko bayan keken ya karkace, ɗaura zare a wurin da aksil ɗin tayar baya ke shiga, ka zagaya da shi ta gaban wuyan keken, ka dawo da shi ɗaya gefen. Auna tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu. Bambancin da ya wuce milimita 2 zuwa 3 yana nufin akwai karkata, amma a firam na ƙarfe ana iya miƙe ta.

Tsatsa iri biyu ce. Ta sama, mai launin ja wadda ke fita in an goge, ba abin tsoro ba ce. Wadda ta ci ƙarfe ta yi ramuka ita ce matsala, musamman a ƙananan bututun baya kusa da cibiyar kiranki (gidan da aksil ɗin kiranki ke juyawa a ciki), inda ruwa ke kwanciya daga ciki. Danna wurin da tsinin sukurdireba, in ya lotsa to magana ta ƙare. Bututu masu daraja irin Reynolds 531 ko Columbus SL kaurin bangonsu bai kai milimita ɗaya ba, don haka rami kaɗan ya isa ya raunana su.

Abu na gaba, tun kafin ka kwance komai, gwada sandar sirdi da wuyan ƙaho ka ga ko suna motsi. Nan ne aikin yakan tsaya wa mutane da yawa. Sandar alminiyam da ta shekara ashirin a cikin bututun ƙarfe babu giris takan manne, saboda ƙarafan biyu in sun haɗu da danshi sai alminiyam ɗin ya yi farin gari da ke kumbura ya cike tazarar. Sassauta notin, zuba man sassauta tsatsa a baki, ka kife keken ka zuba wani ta cikin cibiyar kiranki, ka bar shi kwana biyu ko uku. In ta ƙi, cire sirdin, damƙe kan sandar a bais ɗin kan benci keken yana kife, ka riƙa juya firam ɗin da hannu biyu a hankali. Kada ka buga ta da guduma zuwa ƙasa, ƙara cusa ta kake yi. Shi kuwa wuyan ƙaho, sassauta dogon bol ɗin da ke samansa kamar murɗa uku ko huɗu, ka ɗora katako a kai ka buga sau ɗaya da ƙarfi, don ƙarfen da ke matse shi daga ciki ya saki. Da yawa suna zaton ya manne alhali wannan bugun ne kawai ba su yi ba.

Yanzu sai awo. Nemi ma'aunin kauri mai nuna kashi goma na milimita, ka rubuta komai a takarda. Kaurin sandar sirdi yana iya zama milimita 25.4 ko 26.4 ko 26.8 ko 27.2, kuma bambancin 0.2 ya isa ta ƙi shiga ko ta riƙa zamewa. Wuyan ƙaho a yawancin kekuna milimita 22.2 ne, amma a tsofaffin kekunan Faransa irin Peugeot da Motobécane da Gitane 22.0 ne. Bakin da ke riƙe ƙahon shi ma ya bambanta: 25.4 ko 26.0, na Faransa 25.0, tsohon Cinelli 26.4. Tazarar da ke tsakanin ƙafafun firam a baya milimita 120 ce in keken mai haƙora jeri biyar ne, 126 in shida ko bakwai, na zamani mai birkin rim kuwa 130.

Inda aka fi ɓata firam shi ne tiredin cibiyar kiranki, wato zaren da kofunan boris ke hawa. Na Ingila, wanda ya zama gama-gari, faɗinsa inci 1.37 da zare 24 a kowane inci, gidan milimita 68, kuma kofin da ke ɓangaren sarƙa tiredinsa na hagu ne, ana kwance shi ta hanyar da ake ɗaure sauran notuna. Na Italiya milimita 36 ne, gidan 70, duka ɓangarorin tiredin dama. Na Faransa milimita 35 da zare ɗaya a kowace milimita, shi ma duka dama. Tsofaffin Raleigh da aka ƙera a Nottingham, ban da manyan samfuransu, suna da nasu tiredi na zare 26. Kofin Ingila yakan shiga gidan Faransa murɗa biyu sannan ya cije, mai gaggawa ya sa ƙarfi, tiredin ya mutu. Duk abin da ya ƙi shiga da yatsu, tsaya ka sake awo. Shawarata ita ce in kofin ɓangaren sarƙa lafiya yake, bar shi a wurinsa, ka wanke shi daga ciki. Haka feda: ta hagu tiredin hagu gare ta, kuma tsofaffin kirankin Faransa ramin fedarsu milimita 14 ne, ya ɗan fi na yau ƙanƙanta.

Cire kiranki ya danganta da irinsa. Mai kotafin, sassauta notin har ya yi daidai da bakin kotafin ɗin, tallafi kirankin daga ƙasa da guntun bututu da ya dafa ƙasa, sannan ka buga sau ɗaya mai kyau. In babu tallafi, bugun yana tafiya kan boris ya yi musu tabo. Sabon kotafin sai ka auna tsohon, galibi milimita 9 ko 9.5 ne. Kiranki mai aksil ɗin kusurwa huɗu yana buƙatar abin zaro shi na musamman mai tiredin milimita 22. Amma na kamfanin TA 23 ne, tsohon Stronglight kuma 23.35, kuma in ka sa na 22 a cikinsu zai tsige tiredin ya bar kirankin a maƙale.

Boris wuri huɗu ne: hob ɗin gaba, hob ɗin baya, cibiyar kiranki, da wuyan keke. Kwance ɗaya bayan ɗaya a kan tsumma don ƙwayoyin kada su watse, wanke da kananzir, ka dubi hanyar da suke gudu a kai. In layin santsi ne mai sheƙi, lafiya. In akwai ƙananan ramuka, canza kwan ɗin (notin kan aksil da ƙwayoyin ke gudu a kansa) ko kofin, domin giris ba ya gyara rami. Su ƙwayoyin boris kada ka mayar da tsofaffi, sababbi ba su da tsada kuma tsofaffin sun riga sun daina zama cikakken zagaye. Abin da aka fi samu shi ne guda 10 masu inci 3/16 a kowane gefen hob ɗin gaba, guda 9 masu inci 1/4 a kowane gefen na baya, guda 11 masu 1/4 a kowane gefen cibiyar kiranki, sai masu 5/32 a wuya. Duk da haka ƙirga abin da ka tarar. Kana buƙatar siraran sifanoni na milimita 13 zuwa 16 don ɗaure kwan. In hob ɗin mai maɗaurin hannu ne, bar ɗan wasa kaɗan a aksil, domin in ka matse maɗaurin aksil ɗin yana ɗan tsukewa, wasan ya ɓace. In ka ɗaure shi daidai tun a hannu, a kan keke zai yi tsauri ya ci kwan cikin 'yan watanni. Kafin ka rufe cibiyar kiranki, fesa man kare tsatsa cikin bututunan, ka juya firam ɗin ya bi ko'ina, ka bar shi ya tsane kwana ɗaya.

Sai mu zo kan wili da birki, kuma a nan nake so ka fi kashe kuɗinka da hankalinka, don su ne ke tsayar da kai a tsakiyar motoci. Ɗora maganaɗisu a rim. In ya kama, rim ɗin ƙarfe ne mai kurom, kuma irin wannan in ya jiƙe birki yana daɗewa kafin ya fara kamawa, wani lokaci sai wilin ya zagaya sau da dama. Ga mai hawa kullum, rani da damina, ban ga dalilin riƙe shi ba, ko da yana sheƙi. Sauya zuwa na alminiyam, aƙalla na gaba, shi ne gyara mafi amfani da za ka yi wa keken nan.

Karanta lambar da ke gefen taya. In ka ga 630, misali 32-630, wilin inci 27 ne. In 622 ne, to 700C ne. Ba sa shiga wa juna ko kaɗan, duk da bambancin milimita 8 ne kawai. In za ka sauya wili gaba ɗaya, koma 700C, don tayoyinsa sun fi yawa a duniya, kuma za ka samu ƙarin sarari na milimita 4 a saman taya. Sharaɗin shi ne robar birki ta iya sauka milimita 4 ƙasa a cikin raminta. Duba kafin ka saya. In ba ta kai ba, akwai birki mai dogon hannu, na milimita 47 zuwa 57, ko na 55 zuwa 73 irin Tektro R559, sai ka tabbatar ka ɗauki mai noti a waje, don tsofaffin firam ba su da faffaɗan ramin da birkin zamani ke buƙata. Taya kuwa ɗauki mafi faɗin da firam zai karɓa, milimita 28 ko 32, da tazarar aƙalla milimita 4 ta ko'ina. Siririyar taya ta 23 ba ta da wani amfani ga mai ɗauke da kaya. In ka riƙe tsohon rim, shafa bakinsa daga ciki: wanda ba shi da ɗan ƙugiyar riƙe taya kada a hura masa iska fiye da kimanin psi 70, taya na iya fita. In kuma ka tarar tayar manne take da gam a kan rim marar bango, wannan ta gasa ce, sauya wilin. Sa sabon ƙyallen rim, ka matsa sifok biyu biyu ka ji ko akwai wanda ya saki, ka ɗiga mai a kan notunansu kwana ɗaya kafin ka fara miƙe wilin da kwata-kwatan murɗa.

Robar birki, ko da ba ta cinye ba, ta bushe ta yi tauri, jefar da ita. Sa sabuwa yadda bakinta na gaba zai riga na baya taɓa rim da kamar milimita ɗaya, wannan ke hana ƙara. Canza wayoyi da rigunansu gaba ɗaya, ka goge bakin rigar da fayil ya yi daidai bayan ka yanke, in ba haka ba birki zai yi laushi a hannu. Kada ka taɓa sa rigar wayar giya ta zamani a birki: ƙarafan cikinta a miƙe suke, in ka damƙe birki da ƙarfi tana iya fashewa. Ƙarin hannuwan birki da ke kwance ƙarƙashin ƙaho a wasu kekunan 1970 ba sa ja sosai, cire su ya fi. Dubi ƙahon da wuyansa da kyau ko akwai tsaga kusa da maɗauri. Wuyan alminiyam mai tambarin AVA da ke kan tsofaffin kekunan Faransa an san shi da tsagewa, in shi ne a naka canza shi ba tare da jira ba. Kuma kada sandar sirdi ko wuyan ƙaho su fito fiye da layin da aka zana a jikinsu. Shafa musu giris kafin ka mayar.

Giya ba ta da wahala. Auna sarƙa: gaɓa 12 cikakku (kowacce ta ciki da ta waje haɗe) inci 12 ne a sabuwa. In ta ƙaru da 1/16 na inci canza ta, in ta kai 1/8 to haƙoran firiwil ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallake su. Sarƙar da ake sayarwa don jeri 6 zuwa 8 tana aiki lafiya a jeri 5. Hannun giya da ke jikin bututun ƙasa, wanda ba ya ƙirga mataki, riƙe shi, yana aiki da kowane firiwil, in yana zamewa ɗaure notin gefensa kawai. Na'urar sauya giya ta Simplex mai jikin baƙar roba takan tsage da tsufa, Suntour ko Shimano na wancan zamani sun fi ta aminci. Kekunan nan sukan zo da faranti masu haƙora 52 da 42 a gaba, abin da ya yi nauyi ga mai kaya a hawan tudu, don haka sa firiwil mai haƙora 14 zuwa 28 in na'urar za ta ɗauka. Buɗe ƙafafun firam daga 120 zuwa 126 yana yiwuwa a ƙarfe, milimita 3 kowane gefe, amma ban ga buƙatarsa ba don zuwa aiki.

Fenti kuwa, ni ina ganin a bar shi. Goge tsatsar kurom da takardar alminiyam da aka jiƙa, kankare wuraren da fenti ya fita, shafa musu ɗan fenti ko man kariya, ka goge sauran da kakin goge mota. Sabon fenti yana shafe tambarin da ke nuna asalin keken, kuma keke mai walƙiya ya fi jan idon ɓarawo a inda za ka riƙa barin sa kullum.

To, batun jaka. Rashin kariya a keken nan ba naƙasa ba ne, haka aka ƙera shi. Galibi babu ramukan ɗaura ta, kuma ƙafafun bayansa gajeru ne, kusan santimita 41, don haka in ka rataya masa jakunkunan gefe irin na mangala diddigenka zai riƙa bugun su a kowane zagayen feda. In ka tura su baya don kauce wa haka, nauyin ya koma bayan aksil, siririn firam ya fara kaɗa wutsiya. Jakar goyo kuma tana jiƙa baya da gumi, tana danne kafaɗa ga mai hawa a sunkuye. Abin da ya dace da keken nan shi ne jakar sirdi ta gargajiya, wadda ke kwance a gicciye a bayan sirdi. Nauyinta yana kusa da jikin mahayi, inda keken ya riga ya saba ɗauka, shi ya sa in an ɗaure ta da kyau ba a cika jin ta a tuƙi ba.

Ka bambanta ta da wasu iri biyu. Akwai 'yar ƙarama mai lita ɗaya ko ƙasa da haka da ke maƙale ƙarƙashin sirdi, ta tub da kayan faci ce kawai. Akwai kuma doguwa mai tsini da ke miƙewa baya, wadda masu doguwar tafiya a daji ke amfani da ita. Wannan tana da kyau ga kaya masu laushi da ake cusawa sau ɗaya a rana, amma bakinta naɗewa ake yi, abin da ke ƙasa sai an zazzage komai, kuma abu mai faɗi kamar kwamfuta ba ya shiga. Ta gicciye murfi gare ta, ka buɗe ka ga komai.

Kamfanin da ya fi shahara da irinta shi ne Carradice na garin Nelson a Ingila, wanda ke ɗinka su tun shekarun 1930, kuma girman jakunkunansa ya isa ya zame maka ma'auni ko da ta wani kamfani za ka saya. Jakarsu mai suna Barley kusan lita 9 ce, tana ɗaukar rigar ruwa da kayan gyara da ƙananan abubuwa. Mai suna Nelson kusan lita 15 ce, mai dogon murfinta kuma tana kaiwa 18 in an buɗe ninkin. Camper mai dogon murfi ta haura lita 20. Ga kayan da ka lissafa, lita 9 ta yi kaɗan, ta sama da 20 kuma za ta riƙa yawo rabi babu komai tana lilo. Tsakanin 15 da 18 ne wurinka, kuma dogon murfi yana da amfani ranar da ka ƙaro kaya a hanya, don ana iya cusa riga ko ƙunshi a ƙarƙashinsa a ɗaure. Kafin ka yanke shawara tara kayan naka na ranar da ta fi yawa, ka sa su a kwali, ka auna tsawo da faɗi da zurfi. Kwamfuta mai inci 13 faɗinta ya kai kusan santimita 30 ko fiye, don haka faɗin cikin jakar za ka tambaya, ban da aljihunan gefe.

Awo mafi muhimmanci shi ne daga bayan sirdi zuwa saman taya, a miƙe ƙasa, bayan ka daidaita tsayin sirdin yadda za ka hau. Jakar tana buƙatar zurfinta duka, ƙari da santimita 3 zuwa 4, domin in an loda ta tana lotsawa, in an faɗa rami kuma tana ƙara sauka. Babbar jaka tana son abin da ya haura santimita 20 sosai. Tsofaffin kekuna ana hawansu da gajeriyar sandar sirdi, saboda haka sau da yawa wurin ba ya isa, musamman a ƙaramin firam. Jakar da ke gogar taya takan huje cikin tafiya ɗaya, kuma tana iya riƙe wilin. In wurin ya gaza, ko ka ɗauki samfurin da aka yi don sirdi mai ƙasa, ko ka sa mata matallafi.

Ɗaurin asali da maɗauran fata uku ne. Biyu suna bi ta kunnuwan ƙarfe da ke bayan sirdi, su zagaye sandar katako da ke cikin jakar, na uku ya kama sandar sirdi. Sirdin fata irin Brooks B17 yana da waɗannan kunnuwa, yawancin sirdin tsere ba su da su, sai a sayi kunnuwan da ake ɗaurawa a ƙarafan ƙarƙashin sirdi. Sa bakin maɗauran daga cikin jakar, ka ja har katakon ya manne da sirdi. In ka bar su a waje jakar tana rataye nesa, tana sauka, tana lilo. A wannan ɗauri jakar tana karkata ta shiga ƙarƙashin sirdi, kuma wasu suna jin tana taɓa bayan cinyarsu. Matallafi irin Bagman, wanda ake ɗaurawa a ƙarafan sirdi, yana ɗaga ta, ya miƙe ta, ya janye ta daga cinya da taya. Tunda kana ɗaukar kwamfuta kuma za ka riƙa shiga da jakar wurin aiki, nemi matallafi mai sakin gaggawa. Kwance maɗaura uku safe da yamma yana gajiyarwa, ƙarshenta mutum ya fara barin jakar a kan keke.

Akwai abubuwa uku da tsohon keke ke jawowa a nan. Na farko, in birkin bayanka mai ja daga tsakiya ne, irin Mafac ko Weinmann, wayarsa tana sauka tsirara a bayan bututun sirdi, kuma jaka tana iya danne ta har birkin ya kasa komawa ko ya kasa kamawa. Loda jakar, ka ja birki, ka duba da ido. Na biyu, tsohuwar sandar sirdi mai maɗauri daban, mai noti a gefe, in haƙoran maɗaurin sun cinye nauyin jaka yana ɗaga hancin sirdi sama. Canza maɗaurin ko sandar. Na uku, in sirdin fata ne da ya tsage a kusa da ƙusoshinsa na baya, ba zai ɗauki kai da jaka ba, kuma notin ja da ke hancinsa ba a murɗa shi fiye da kwata a lokaci guda.

Wajen lodi, kwaɗon ƙarfe ya kwanta a ƙasa can kusa da sandar sirdi, kwamfuta a cikin rigarta mai soso da tufafi tsakaninta da ƙarfen matallafi, don girgizar hanya daga nan take shigowa. Ni ba na son a wuce kilo 5 zuwa 6 a siririn firam na tsere. Fiye da haka za ka ji keken yana rinjaya in ka miƙe a kan feda, kuma a gangara gaban keken na iya fara karkarwa. In hakan ta faru manna gwiwa a bututun sama, ka rage gudu a hankali, daga baya ka duba boris ɗin wuya ka kuma rage kaya. Aljihun gefe ɗaya na tub da faci da abin ɓare taya ne. Ka tuna notunan keken nan na sifana ne, milimita 8 da 9 da 10, da 15 in aksil mai noti ne, don haka kayan gyara na zamani masu makullin kusurwa shida kaɗai ba za su fishe ka ba.

Yadin da na fi amincewa da shi shi ne kauri na auduga da aka shafe da kaki. Saƙarsa a matse take, in ya jiƙe zaren ya kumbura ya toshe ƙofofin, in ya huje ana ɗinkewa. Yana son a sake shafa masa kaki kamar sau ɗaya a shekara, a shanya shi a buɗe bayan ruwa don kada ya yi fumfuna, a kuma shafa wa maɗauran fata mai. Nailan ya fi sauƙi, amma rufin cikinsa yana ɓarewa da shekaru. Kowanne ka ɗauka, kwamfuta ta shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa kafin ta shiga jakar sirdi. Ruwan da ya fi jiƙa jakar daga taya yake fesowa, don haka in firam ya bar wuri sa wa tayar baya murfin tare taɓo. Naɗa tef a inda jakar ke gogar fenti. Fitilar baya da ke kan sandar sirdi jaka za ta rufe ta, sai ka mayar da ita kan madaurin da ke murfin jakar ko kan ƙafar firam, ka tsaya a bayan keken da jaka cike ka tabbatar haskenta yana kallon direba, ba ƙasa ba.